Wa Ya Zaɓar Maka Birkin Motarka?

Duk mai sauraron labaran rediyo ya haddace jimlar. Mota ta taso daga gari kaza za ta gari kaza, ana cikin tafiya sai birki ya tsinke, ko ya shanye, ko ya ƙwace wa direba, mutum kaza suka riga mu gidan gaskiya. A yi musu addu'a, a wuce labari na gaba. Abin lura a wannan jimla shi ne wanda aka ɗora wa aikin. Birki ne ya aikata, kamar wani doki mai taurin kai da ya ga dama ya kubce. Babu mai saye a cikin labarin, babu mai sayarwa, babu wanda ya ɗaura. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa matsalar birki cikin sabubban haɗari a rahotanninta, ko da yake gudun wuce sa'a ne kullum a kan gaba. Amma rahoto ba ya komawa baya ya tambayi ranar da aka sayi kayan, da wanda ya ce a kawo mai sauƙi.

Matsayina shi ne yawancin abin da muke kira tsinkewar birki hukunci ne da wani ya yanke watanni kafin ranar, a shagon kayan gyara ko a bakin gareji. Kuma ban nufi direban haya da ke neman na cefane ba, shi nasa lissafin daban ne. Da mu nake, masu digiri da albashi, waɗanda za su kwashe mako suna kwatanta wayoyi biyu kafin su saya, su karanta girman batir da ƙarfin kyamara, amma ranar da bakanike ya bugo ya ce fad ya ƙare, sai su tura kuɗi ta waya su bi da kalmomi huɗu: «A sa mai kyau.» Wanda bai yarda a zaɓar masa shadda ba ya yarda a zaɓar masa abin da zai tsayar da motar da ke kai 'ya'yansa makaranta.

Aikin birki ɗaya ne, ya mayar da gudu zafi. Idan ka taka, man birki yana tura kalifa, kalifa ta matse fad biyu a jikin faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, wanda makanikai ke kira dis, gugar da ke tsakaninsu ta cinye gudun. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,500, tana tafiya kilomita 100 a awa, tana ɗauke da ƙarfin da zai kusan tafasa lita biyu na ruwa, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi birki zai haɗiye shi. Ƙarfin ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkin ba ninkin yake yi: daga 100 zuwa 120 ƙarin gudu kashi 20 ne cikin ɗari, amma ƙarin zafin kashi 44 ne. Kusan kashi biyu cikin uku na wannan aiki, ko fiye, ƙafafun gaba ne ke yi, domin nauyin mota yana rinjaya gaba idan aka taka. Wato fad huɗu, kowanne bai fi tafin hannu ba.

Ga inda yaudarar take. Idan birki yana sanyi kuma tsayawa ɗaya za a yi, kusan kowane fad, har na banza, yana iya kama taya. A irin wannan tsayawa taya da kwalta ne ke yanke nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya, ba fad ba. Saboda haka idan bakanike ya gama ɗauri, ya zagaya layi, ya taka birki mota ta yi cak, ya miƙo maka makulli yana cewa «Ga shi nan, Alhaji, kamar sabuwa,» bai yi ƙarya ba, amma bai gwada komai ba. Jabu yana cin jarrabawar gareji kullum. Bambancin fad nagari da na banza yana fitowa ne a tsayawa ta biyar da ta shida a jere, ko a doguwar gangara, lokacin da faifai ya yi zafin ɗaruruwan digiri. A nan ne ɗanƙon da ya haɗe ƙullun fad mai arha yake fara ƙonewa, fuskarsa ta yi santsi, ƙafa tana kan birki da ƙarfi amma mota tana ci gaba da tafiya.

Wanda ya taɓa saukowa daga Jos ta Hawan Kibo, ko ya gangaro daga tsaunin Mambila, ya san irin wurin da nake nufi. Motar nan mai kilo 1,500, in ta sauka gangarar da zurfinta ya kai mita 300, ƙarfin da za ta zubar ya haura na tsayawa bakwai daga gudun kilomita 100. Iska da inji suna ɗauke wani kaso, musamman ga direban da ya san ya koma ƙaramin giya, abin da masu mota mai canja giya da kanta da yawa ba su taɓa yi ba, ko da yake ga L ko 2 ko alamar ragi nan a gefen hannunsu. Ragowar duka a kan fad da faifai yake sauka. Wanda ya sayi fad don zirga-zirgar Zoo Road zuwa ofis ya manta cewa motar za ta je biki Jos watarana, cike da mutane da kaya.

To me ake dubawa? A nan ne uzurinmu ya fi rauni, domin bayanin yana rubuce a jikin kayan, kuma mu ne masu karatu.

Abu na farko shi ne dacewa da motar. «Corolla 2010» ba cikakken suna ba ne. Motocin da ke titunanmu daga kasuwanni daban-daban suka zo, wata an ƙera ta don Amurka, wata don Turai, wata don ƙasashen Larabawa, kuma suna ɗaya da shekara ɗaya ba sa tabbatar da cewa birkinsu ɗaya ne. Lambar shasi, mai harufa da alƙaluma 17, ita ce shaida. Idan ta fara da J a Japan aka haɗa motar, 1 ko 4 ko 5 Amurka ce, 2 Kanada. Da wannan lamba ake gano ainihin lambar kayan. Fad ɗin da sai an goge gefensa da injin gurza kafin ya shiga kalifa ba na motarka ba ne, kome bakanike zai ce.

Na biyu, a gefen fad ko bayansa, musamman wanda aka yi don kasuwar Amurka, akwai harufa biyu a ƙarshen lamba, kamar EE ko FF ko GG. Ma'aunin ƙarfin riƙo ne. E yana nufin tsakanin 0.25 da 0.35, F tsakanin 0.35 da 0.45, G tsakanin 0.45 da 0.55. Harafin farko riƙon fad ne a matsakaicin zafi, na biyu riƙonsa bayan ya ɗau zafi sosai. Wanda aka rubuta wa FE yana gaya maka da bakinsa cewa zai yi rauni idan ya yi zafi. Yawancin motocin gida da FF ko abin da ya ɗara suke fitowa daga kamfani. Kayan da aka yi don Turai kuwa suna ɗauke da harafin E a cikin da'ira tare da 90R, alamar ƙa'ida ta 90 ta hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da tattalin arzikin Turai, wadda ta shar'anta cewa fad na canji kada riƙonsa ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari, sama ko ƙasa. Daga baya aka faɗaɗa ƙa'idar ta haɗa da faifai.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: mai yin jabu ma yana da injin buga rubutu. Wanda ya iya kwaikwayon kwalin babban kamfani ba zai gagara buga FF ba. Daga nan ne mutane da yawa ke yanke cewa tunda ba a iya bambancewa, gara a sayi mai arha, in an cuce ka ma an cuce ka kaɗan. Wannan lissafi yana da kama da hikima, amma miƙa wuya ne. Alama ba ta tabbatar da nagarta, sai dai rashinta yana tabbatar da akasin haka, kuma da wannan kaɗai ka kore kaso mai yawa na tarkacen kasuwa. Sauran aikin na zaɓen mai sayarwa ne. A Kofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas, 'yan kasuwa sun san darajar kayansu hawa-hawa, kuma da yawansu ba sa ɓoyewa idan ka yi tambayar da ta nuna ka san abin da kake nema. Wanda ya tambayi «nawa ne na ƙarshe» shi ma amsar tambayarsa ake ba shi. Ka sayi kaya a shagon da ke da adireshi, mai ba da rasit da sunan kayan da lambarsa, wanda za ka iya komawa gobe. Sannan ka san cewa kamfanonin mota ba su ne ke yin fad da kansu ba. Irin su Akebono da Advics da ATE da TRW da Textar da Brembo ne ke yi musu, kuma suna sayar da kaya da sunansu. Ba dole sai kwali mai tambarin motarka ba, wanda shi ne ma masu jabu suka fi kwaikwaya. Kalmar «na China» ita ma ba hukunci ba ce, domin a can ake yin na ƙwarai, a can ake yin na banza, gwargwadon abin da ɗan kasuwar da ya yi oda ya biya.

Sai batun Beljiyam. Akwai imani mai ƙarfi a garejinmu cewa tsohon kayan Turai ya fi sabon kasuwa, kuma a kan abubuwa da dama, kamar ƙofa ko fitila ko ma inji, imanin yana da hujja. A kan fad ba shi da ita. Fad abu ne da aka yi domin ya cinye. Sabo yakan zo da nama kimanin milimita 10 zuwa 12, ana canja shi idan ya kusa 3. Wanda aka ciro daga motar da ta mutu a wata ƙasa ya riga ya ci rabin ransa, fuskarsa ta bi zanen wani faifai daban, ba ka san zafin da ya sha ba, ba ka san ko tsatsa ta shiga tsakanin naman da ƙarfen bayansa ba a watannin da ya yi a jibge. Mafi muni shi ne wanda ake ɗaukar tsohon ƙarfen a manna masa sabon nama da gam a bayan shago. Ranar da gam ya saki, naman gaba ɗaya yake fita, feda ta tafi ƙasa. Wannan kam ya cancanci a kira shi tsinkewa.

Game da nau'in fad, ba sai an tsawaita ba. Akwai mai laushi da aka haɗa da zare da ɗanƙo, ba ya ƙara amma yana saurin cinyewa. Akwai mai zaren ƙarfe da yawa, yana jure zafi da nauyi, sai dai yana baƙanta rim kuma yana cin faifai. Akwai wanda ake kira siramik, mai tsabta da shiru, ya dace da motar gida a cikin gari. Mai jif da ke ɗaukar kaya yana hawa tsauni ya fi buƙatar mai ƙarfe. Kalmar siramik a kwali kuwa ba digiri ba ce, babu dokar da ta ce ga yawan abin da za a zuba kafin a rubuta ta.

Faifai shi ne maraya a wannan harka. Sau uku, sau huɗu ana canja fad a kansa, babu wanda ya auna shi. Alhali kamfani ya buga iyakarsa a jikin ƙarfen, MIN TH da lamba a gaba, wato mafi ƙarancin kaurin da aka yarda a yi aiki da shi. Tazarar sabo da wanda ya ƙare yawanci milimita 2 zuwa 3 ce kawai, abin da ido ba ya iya yankewa, sai da ma'aunin kauri. Dalilin iyakar kuwa shi ne faifai rumbun zafi ne. Ƙarfen zubi ne mai nauyi da ke shanye zafin tsayawa ya sake shi a iska. In ya sirance, rumbun ya ƙanƙance, zafi ya hau da sauri, fad nagari ma ya gaza a kansa. Shi ya sa kai faifai wurin mai inji a share fuskarsa yake halatta kawai idan bayan sharewar kaurin yana sama da iyaka. Garejin da babu ma'aunin kauri a cikinsa, da me yake yanke wannan hukunci?

Akwai kuma kuskuren da ke sa mutane kashe kuɗi sau biyu. Sitiyari yana rawa idan an taka birki, sai a ce faifai ya lanƙwashe, a sayi sabo, bayan wata uku rawar ta dawo, a zagi mai kaya. Sau da yawa faifan bai lanƙwashe ba, kaurinsa ne ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Ɗaya daga cikin sabubban shi ne ɗaura shi a kan cibiyar da ba a goge tsatsarta ba, ko ɗaure notunan taya da ƙarfin da bai daidaita ba, irin wanda yaro ke hawa kan sifana da ƙafa. Karkatar da aka yarda da ita ba ta wuce kimanin kashi 5 cikin ɗari na milimita ba, siririn da bai kai gashin kai ba. Wani sababin shi ne a tsaya cak da birki mai tsananin zafi a ci gaba da danne shi, fad ya bar tambarinsa a wuri guda. Sabon fad da sabon faifai suna buƙatar a saba musu da juna: a rage gudu daga kimanin kilomita 60 zuwa 10 sau da dama ba tare da tsayawa cak ba, a bar su su huce ana tafiya, sannan a guji taka birki da ƙarfi ba dole a kilomita 200 zuwa 300 na farko. Kuma bibbiyu ake canja su, dama da hagu tare. Wanda ya canja gefe ɗaya ya sayi motar da za ta fizge shi gefe ranar da ya fi buƙatar ta tsaya a miƙe.

Kada a ɗauka ina cewa tsada ita ce nagarta. Akwai wani rukuninmu da ya faɗa ɗaya ramin, masu sayen faifai mai huje-huje da tsage-tsage da kalifa mai jan fenti domin a hango ta cikin rim. Hujin ya samo asali ne daga motocin tsere na zamanin da fad ke fitar da iska idan ya yi zafi. A motar gida ta yau amfaninsa kaɗan ne, kuma a faifai mai arha da aka huda bayan zubi, bakin hujin ne inda tsagewa ke farawa. Faifai sumul mai nauyin da ya dace ya ishi Camry da Accord. Fad ɗin tsere ma, wanda sai ya yi zafi yake riƙo da kyau, ya fi na gida haɗari da sassafe a mahaɗar hanya.

Yanzu ga abin da ba ma son ji. Mun saba ɗora laifin duka a kan bakanike, cewa ya karɓi kuɗin orijina ya sa jabu. Yana faruwa. Amma wa ya gina tsarin? Mutumin da ke biyan kuɗin ganin likita ba ciniki, shi ne zai tsaya yana taya kuɗin aikin birki kamar tumatir, ya ce ai noti huɗu ne kawai. Aikin birki na gaskiya ya ƙunshi wanke ƙusoshin kalifa da sa musu giris ɗin da ya dace, duba robobi, goge cibiya, auna faifai, ɗaure notuna da sifana mai ma'auni. Idan ba a biya wannan ba, ba za a yi shi ba, kuma bakanike zai nemi ladansa a inda mai mota ba ya gani, wato a tazarar farashin kaya. Mun matse kuɗin da ke bayyane, sai ya koma ɓoye, ya fito daga naman fad. Gyaran mai sauƙi ne: raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, sayi kayan da kanka ko ku je tare, biya aikin da daraja, ka ce a nuna maka tsofaffin da aka cire da kwalin sababbin.

Uzurin tsadar rayuwa ma ina jin sa. Tun da aka cire tallafin fetur aka kuma saki naira a 2023, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, albashi kuwa bai bi ba. To amma a yi lissafin har ƙarshe. A ce fad nagari ya yi kilomita 40,000 a motar da ke shan lita 8 a kowace kilomita 100. Kafin ya ƙare ka ƙona lita 3,200, wato tanki mai lita 50 sau 64. Ko da bambancin nagari da na banza ya kai kuɗin cika tanki biyu, wanda ya iya 64 bai gaza 2 ba. Balle mai arhan ba ya kai wannan nisa, sau biyu ko uku za a saye shi, kuma yakan tafi da faifai.

Man birki ya cancanci sakin layi guda, domin shi ne ke bayan yawancin labaran feda ta tafi ƙasa. Yana tsotsar danshi daga iska. DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma bayan ya sha ruwa ƙa'idar ta sauko zuwa 140. DOT 4 daga 230 zuwa 155. In ya tafasa a gangara sai ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, ba ya tura kalifa. Kamfanoni da dama suna cewa a zubar a sake duk shekara biyu. Mu ƙari kawai muke yi, sau da yawa daga gorar da ta kwana a buɗe. Raguwar man a tulunsa ma saƙo ne, ko fad ya cinye ko akwai yoyo, kuma ƙari yana toshe bakin mai saƙon ne kawai.

Akwai wanda zaɓinmu ke shafa ko da mota ba ta taɓa yin haɗari ba, shi ne yaron gareji. An daɗe ana haɗa fad da asbestos saboda jure zafinsa, har aka tabbatar ƙurarsa tana jawo ciwon huhu da sankara bayan shekaru masu yawa. Tarayyar Turai ta haramta shi baki ɗaya tun 2005, amma har yau ana haƙo shi ana aiki da shi a wasu ƙasashe, kuma fad maras suna ba ya faɗin abin da ke cikinsa. Yaron da ke hure ƙurar birki da bakinsa ko da iskar famfo bai san wannan ba. Hukumar SON tana da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su, kuma haƙƙinmu ne mu tambaye ta yadda fad maras lamba, maras adireshin wanda ya yi shi, yake cika shaguna. Sai dai kwantena ba ta zuwa don kanta. Ɗan kasuwa yana yin odar abin da ya ga yana fita ne, kuma a layinsa motocin ma'aikatan banki da lakcarori da likitoci suna cikin masu ɗauka.